Rigar Cuku

Na shiga shagon Alkasum da la'asar sakaliya,
can bayan tashar motocin Ƙonni, a nan Tawa,
kuɗin adashe ƙulle a gefen zanena,
wata tara ina zubi kafin kwasa ta zo kaina.

Farashi uku ya manna a bango.
Ban iya boko sosai ba, amma na san lamba,
na ɗora yatsa a kan mai yawan sifili.
Na ce: Wannan.
Allo babba a bakin kwalta,
sunana a rediyo safe da yamma,
riguna da huluna, hotona a cikin wayar kowa,
irin wanda na gani a Yamai
har wuyana ya ƙage don kallo.

Sai yaron nan ya ajiye linzamin na'urarsa,
ya tura mini kujera da ƙafa.
Ya ce: Inna Tsahara, cuku nawa kike shanyawa a rana?
Na ce sittin, in nono ya zo daga Abalak.
In rani ya yi fa?
Na yi shiru. Ashirin ma sai da roƙo.

Ya ce: To in rediyo ya tara miki mutum ɗari uku,
me za ki miƙa musu, hula?

Na ji haushi. Ban taɓa ganin mai shago
yana korar kuɗi da bakinsa ba.
Ya nuna mini tsallaken titi da haɓa:
allon Almu mai burodi na nan tsaye,
ya fi ƙofar gidan tsawo,
tanda kuwa ta yi sanyi tun bara.
Kuɗin fulawa ne ya hau ƙarfe,
awaki ke shan inuwarsa yanzu.

Na ce to ba ni ƙaramin, hatimi kawai, mu rabu lafiya.
Ya girgiza kai.
Cukunki ba a ƙofar gida yake ƙarewa ba,
yana hawa mota ya kwana a hanya,
ya isa Yamai cikin baƙar leda
kamar baƙon da ba shi da dangi.
Wanda ya ci ya ji daɗi, wa zai nema?
Mai mota?

Muka zauna a kan na tsakiya
kamar masu cinikin tunkiya.
Na ce a cire riguna, ba ni da ma'aikaci sai jikata.
Ya cire. Na ce a bar leda mai kauri,
da takarda mai lambar wayata,
da ɗan allo daidai faɗin tire.
Ya zana saniya tana murmushi,
na ce shanunmu ba sa dariya.
Ya zana kambu, na ce ni ba sarauniya ba ce.

Sai na kwance ƙullina na miƙa masa ɗaya ya ɗanɗana.
Bai kai baki ba.
Ya ɗaga shi ga hasken taga,
yana duban layukan da asabari ke bari a jikin cuku,
waɗanda nake gani shekara ashirin ban gan su ba.
Ya ce: Ga tambarinki nan, tun tuni kin buga shi.

Jaka arba'in da biyar na ƙirga masa.
Ragowar ta tafi Abalak, kafin alƙalamin nonon rani.

Daren jiya, na riga na shimfiɗa tabarma,
waya ta yi kuka, lambar da ban sani ba.
Wata mata ce daga Yantala,
Hausarta da gishirin Zabarmanci,
ledata a hannunta, ina jin ƙararta.
Tana son talatin ranar Laraba.

Na ce ashirin da biyar nake da su.
Ta ce za ta jira biyar ɗin.